Naman da Aka Ajiye wa Iliyasu

Iliyasu mai goro ya rasu ranar Litinin da hantsi, aka kai shi makwancinsa bayan Azahar. Kafin La'asar, Sabo, unguwarmu ta Hausawa a ƙasar Yarabawa, gaba ɗayanta ta gama shari'a ta yanke hukunci: matarsa ce ta ba shi guba. Ba wanda ya ga ta zuba, ba wanda ya ga gubar, amma kowa a shirye yake ya dafa Alƙur'ani. Haka muke. Mutum ya mutu da ƙarfinsa, shekara arba'in da biyu, ba zazzaɓi ba haɗarin mota, to dole a samo wanda za a rataya wa. Matar tasa Muhibbat kuwa Bayarabiya ce 'yar Mokola, unguwar da ke maƙwabtaka da mu. Shekara goma sha ɗaya tana aure a cikinmu, tana jin Hausa kamar jakin Kano, amma ranar da mijinta ya mutu sai kowa ya tuna ashe ba tamu ba ce.

Ni sunana Babandi, sana'ata bin sawu. In an kwance saniya a karar Akinyele, kasuwar shanu, ni ake kira, in bi ta har inda aka ɓoye ta ko inda aka feɗe ta. Ni ba ɗan sanda ba ne, kuma ni ba boka ba ne, ko da yake wasu shashashai haka suke ɗauka. Ƙasa kawai nake dubawa.

Ranar Laraba da safe Mai unguwa Manniru ya aika a kira ni. Na same shi a zaure ya cire hula ya ajiye a gwiwa.

"Babandi, gidan marigayi zai kama da wuta," ya ce. "Ƙaninsa Hisham ya kulle matar a ɗaki, ya ce ranar Juma'a in an sauko masallaci zai miƙa ta ga 'yan sanda. 'Yarsu Najiba kuma tana asibiti tun jiya, ciwo iri ɗaya da na ubanta. Sun ce daga kwanonsa ta ci. Sun hana uwar zuwa ganinta."

"Ranka ya daɗe, ni sawun dabba nake bi."

"To yau ka bi na mutum. Kwana biyu gare ka."

*

Hisham ne ya tare ni a ƙofar gida, ido jajur, yana kaɗa mini wata 'yar takarda a gaban hanci. Ƙunshin maganin ɓera ne, an fasa shi, saura rabi.

"Ka gani, Baba? A madafarta na same shi. Me kuma za a bincika?"

"Kai gidanka babu ɓera?" na ce. "Matsa in wuce."

Ta taga na yi magana da Muhibbat. Tana zaune a ƙasa cikin zanen takaba, hannunta na dama ya kumbura saboda bugun ƙofa. Ba ta yi mini rantsuwa ba, ba ta roƙe ni a kan kanta ba.

"Baba, ejo, don Allah, ka ga Najiba? Tana cin abinci?"

"Ban je ba tukuna. Faɗa mini yadda ciwon mijinki ya fara."

Ta ce ranar Asabar ya dawo daga Sakkwato. Motar goronsa ce ta lalace a hanya, har Babbar Sallah ta wuce shi da sati uku. Ta tuƙa amala da miyar ewedu, wato lalo, mutum bakwai suka ci daga tukunya ɗaya, har da ita. Lahadi da safe ya fita kasuwa, ya dawo da wuri yana cewa komai biyu-biyu yake gani. Da rana fatar idonsa ta sauka, sai ya ɗaga kai sama kafin ya kalli mutum. Da yamma harshe ya yi nauyi, ruwa ya ƙi wucewa.

"Ya yi amai? Kumfa a baki? Jini?"

"Babu ko ɗaya. Jikinsa ko zafi bai yi ba. Kuma Baba, yana cikin hankalinsa. In na yi magana sai ya matse mini yatsa. Har numfashin ya tsaya yana ji na."

Na ga karnuka da awaki da suka ci maganin ɓera, na ga wanda ya sha maganin ƙwari. Birgima suke yi, ga dalala, ga zawo, wani jini ta hanci. Ba wanda yake mutuwa a natse daga ido zuwa ƙasa. Hisham kuwa yana bayana yana huci.

*

Daga nan na shiga ɗakin ƙarshe gaishe da mahaifiyar mamacin, Inna Saude. Tsohuwa ce ta haura saba'in, tana dogara sanda saboda ƙafar hagu. Tana kan tabarma da carbi, mata masu ta'aziyya sun kewaye ta, idonta a bushe.

Iliyasu ɗan farinta ne, ita kuwa irin mutanen da ce masu tsananin kunyar ɗan fari. Tunda ta haife shi ba a taɓa jin ta kama sunansa ba. Ba ta yabonsa, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane. In ya gaishe ta sai ta amsa tana kallon bango.

"Inna, ranar da ya dawo ya shigo wurinki?"

"Yaron nan? Ya shigo ya gaishe ni ya fita. Me zan ce da shi?"

"Kina ganin surukarki ce?"

"Ni ban ce ba."

"Ba ki kuma ce ba ita ba ce."

Ta ja carbinta. Wata mata ta ce in ji tsoron Allah in bar tsohuwa da abin da ke damunta. Na tashi na fita, ni kaina na ji kunyar tambayar.

*

Akwai wani da ake raɗe-raɗinsa a ƙasa-ƙasa: Hanzala, abokin cinikin marigayi. An ji su suna sa'insa ranar Asabar a kan wasu huhunan goro da suka ruɓe a hanya, an kuma ga ya ba shi wani abu a kwalba ya sha. Na hau mota na same shi a kasuwar Bodija yana zaɓen goro.

"Agbo ne, Baba, jiƙon Yarabawa na basir!" ya ce. Ya jawo kwalbar daga ƙarƙashin benci ya kafa kai ya yi maƙwarwa uku a gabana, ya yamutsa fuska. "Kullum nake sha. In guba ce ai da na riga shi. Faɗa kuwa, ni da Iliyasu wace rana ce ba mu yi ba? Bayan faɗan ni na raka shi har gida."

"Da kuka isa fa?"

"Ya shiga gaida tsohuwa, na jira shi a zaure. Ya daɗe, har na gaji. Ya fito yana sakace muka yi sallama." Sai ya fashe da kuka kamar yaro. "Lahadi da safe a nan ya zauna, ya miƙa hannu zai ɗauki goro ya ɗauki iska. Na yi masa dariya, Baba. Wallahi dariya na yi masa."

Na dawo Sabo hannu rabbana. Rana ɗaya ta tafi, ban samu komai ba sai mutum biyu da na tabbata ba su ba ne.

*

Alhamis da asuba aka sheƙa ruwa. Da gari ya waye ina hanyar gidan marigayi sai na ji ihu a lungun baya. Murja ce, maƙwabciyarsu mai kiwon agwagi, ta ɗora hannu a ka.

"Ta gama da mijinta ta dawo kan agwagina! Mayya!"

Mace tana kulle a ɗaki kwana huɗu, wai ita ta kashe agwagi. Kai, Sabo, Allah ya shirye ki.

Na tsuguna. Biyu sun mutu, uku da sauran rai. Suna kwance, wuya a miƙe a ƙasa kamar igiya, fiffike a sake, ido kuwa yana bin hannuna. Na ɗaga kan ɗaya na saki, ya faɗi yaraf. Na san wannan kwanciyar. A kara, saniyar da ta saba gwaigwayar ƙashin mushe haka take ƙarewa: harshe a waje, ba zazzaɓi, ta kasa haɗiya, tana kallonka har ta mutu. Ba wanda ya ba ta guba. A cikin mushen abin yake.

"Ina suke kiwo?" na tambayi Murja.

"Ina kuwa, ban da bakin kwata?"

Sawun agwagwa a laka ko makaho ya bi shi. Na bi bakin kwatar a hankali, na wuce bayan madafar Muhibbat, babu komai. Sawun ya ci gaba har ƙarƙashin wata 'yar rumfar kwano da ke bayan ɗaki na ƙarshe, inda ruwan sama ba ya sauka. A nan suka yi dandazo. Ƙasar wurin ta yi baƙi ta sha mai, ga ɓurɓushin nama da ƙudaje. Gefe guda ga zagayen gindin bokiti. Kusa da shi ga sawun ƙafa ba takalmi, ƙarama, ta dama ta nutse, ta hagu an ja ta. Kowane taku da ɗan rami a gefensa, na bakin sanda.

Na daɗe a tsugune a wurin. Sai maganar Hanzala ta dawo mini: ya fito yana sakace. Gaisuwa ba ta maƙalewa a haƙori.

Bokitin yana cikin juji an tura shi ƙarƙashin ganyen goro. Robar kastad ce mai murfi, murfin ya kumbura ya yi tozo. Na saka ta a buhu. Wallahi a ranar na tsani idona.

*

Ban koma gidan ba, asibiti na wuce. Akwai 'yar layinmu da ke aiki a can, Dakta Husna, ni na yanka ragon sunanta. Na ba ta labarin agwagin, na buɗe mata buhun. Ta kalli murfin, ta sa hannu ta rufe bakinta.

"Baba, tun Talata nake wannan zargin. Amma duk wanda na tambaya sai ya ce amala da miya mai zafi suka ci, kuma maganin ɓera aka zuba. Na tambaya ko sun ci abin gwangwani ko abin da aka daɗe da ajiyewa, aka ce sam."

"Yi mini bayani yadda tsoho zai gane."

"Wata ƙwayar cuta ce da ke cikin ƙasa, ko'ina akwai ta, har a jikin naman da aka feɗe a tsakar gida. Tana da ɓawo kamar iri, suya sama-sama ba ta kashe ta. Muddin iska tana taɓa ta barci take yi, ba ta cutar da kowa. Amma a rufe ta inda babu iska, ga danshi, ga nama, ga ɗumin ɗaki, sai ta farka ta hayayyafa ta riƙa zubar da dafi. Ba ita ke kisa ba, dafin ne. Yana bin jini ya je daidai inda jijiya take ba tsoka umarni, ya datse saƙon. Ƙwaƙwalwa ta ce buɗe ido, saƙon bai isa ba. Ta ce haɗiye, bai isa ba. Daga ƙarshe ta ce yi numfashi."

"Ba ya wari?"

"Wani lokaci yana yi, wani lokaci ko kaɗan. Abin takaicin, tafasa minti goma tana lalata shi. Da a miya aka saka naman nan, da ba wanda ya kwanta. Duk abin da ya fito daga tukunya yana tafasa ba shi ba ne."

"Yarinyar fa?"

"Na'ura ke mata numfashi tun jiya. Tana jin duk abin da ake faɗa, Baba. Ku kawo mata uwarta."

*

Bayan La'asar Mai unguwa ya tara mu a tsakar gidan. Ga Hisham, ga Hanzala, ga Murja, ga Inna Saude a kan tabarma, mata sun cika bakin ƙofa, maza sun cika zaure. Aka buɗe wa Muhibbat ta fito tana kare ido saboda haske.

Na faɗi abin da maganin ɓera yake yi da abin da ba ya yi. Na faɗi maganar kwalbar Hanzala. Na faɗi abin da likita ta ce game da tafasasshen abinci. Hisham ya yi tsaki.

"Duk wannan surutu ne, Baba. In ba ita ba ce, wane ne?"

Na so ƙwarai wani ya karɓe ni wannan aikin. Ba kowa. Na zazzage buhun, robar ta gangara ta tsaya a tsakiyar fili.

Ban kalli kowa ba, ban kama sunan kowa ba. Carbin Inna Saude ne ya faɗi ƙasa.

"Rabonsa ne," ta ce. "Na ragon layya. Ba ya nan aka yanka. A garinmu can Arewa ƙonawa muke yi ƙayau mu zuba a kwando, ya yi wata shida. Nan kuwa damina ba ta bari. Bara na ajiye masa ya yi funfuna na zubar. Kuma shi ba ya son nama mai tauri tun yana ƙarami. Sai na soya shi sama-sama, na kwarara mai ya rufe shi, na danne murfi na naɗe da leda don kada iska ta shiga, na tura ƙarƙashin gado."

"Inna, me ya sa ba ki ba iyawo, matarsa, ta ɗumama ba?" in ji Mai unguwa.

"In ce mata me? In ce ga abin da na ɓoye wa ɗana? A ji a gari Saude ta zama mai rawar kai a kan ɗan fari?" Ta girgiza kai. "Shekara ashirin haka muke yi da shi. Ya shigo, in tura masa kwano da ƙafa ina kallon bango, ya ci ya fita. Ba wanda ya sani. Ranar yarinyar ta faɗo ɗakin ta gan shi yana ci. Na ba ta tsoka ɗaya don ta yi shiru. Ta ce da daɗi. Na ƙara mata biyu."

Wata mata ta saki salati. Hisham ya zame ya zauna a ƙasa daɓas. Da a nan maganar ta tsaya, da ƙaddara ce kawai, kowa ya yi kuka a watse. Amma ni na ga sawun, na san ranar da aka yi shi, kuma ban iya bin sawu rabi ba.

"Inna, yaushe kika zubar?"

"Litinin. Da aka fita da shi."

"Me ya sa?"

"Na ga idon yarinyar ya fara sauka irin na ubanta. Su biyu kaɗai suka ci abin da sauran gida ba su ci ba. Ni ba yarinya ba ce, Babandi. Na gane."

"Kika yi shiru."

"Da wane bakin zan faɗa?"

Muhibbat ta tako har gaban tabarmar. Na ɗauka za ta yi ihu ko ta yi zagi, kuma wallahi da ba wanda zai hana ta.

"Inna," ta ce a hankali, "bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki. Kwana huɗu kina jin ina buga ƙofar nan."

Muhibbat ta juya ta tambayi matan ko wata ta ga takalminta. Muna fita na ji wani a zaure yana cewa shi dai bai yarda ba, wai ina aka taɓa jin nama ya yi kisa, ai da hannun mutum a ciki. Ban tsaya ba, don da na tsaya da na mare shi.

*

Najiba tana kwance an zura mata roba a maƙogwaro, ƙirjinta yana tashi yana sauka da ƙarar na'ura. Shekararta takwas. Muhibbat ta durƙusa ta kira ta da Hausa, ta kira ta da Yarabanci. Hawaye ya gangaro daga rufaffen idon yarinyar. Sai uwar ta sa yatsu biyu ta ɗaga mata fatar ido, ta kawo fuskarta kusa, ta riƙe a haka don ta gan ta. Na fita waje, ban iya tsayawa ba.

A baranda na tare Dakta Husna. "Gaya mini gaskiya. Da an faɗa ranar Litinin fa?"

"Akwai allurar da ke kama dafin, Baba, amma wanda yake yawo a jini kaɗai take kamawa. Wanda ya riga ya cafki jijiya ba ta cire shi. Samunta da wuya, amma da mun nema ko'ina take. Ranar Litinin ido kawai ya kama. Ban ce lallai da ta tsira ba. Amma da tana da hanya."

Huhun yarinyar bai jure ba. Ta rasu ranar Lahadi da hantsi, uwarta na riƙe da ita.

Bayan an dawo daga maƙabarta na shiga yin ta'aziyya. Muhibbat tana zaune a ƙofar ɗakinta, matan da suka ce mata mayya sun zagaye ta suna ba ta haƙuri. Ɗakin ƙarshe labule a sake, ba mai shiga ba mai fita. Na yi addu'a na miƙe, sai ta kira ni.

"Baba, na ga ka tsaya da likita ranar nan. Da Inna ta faɗa tun Litinin, da 'yata tana nan?"

Labulen ɗakin ƙarshe ya ɗan motsa. Watanni huɗu ne a gabanta na takaba a gidan nan, ita da tsohuwar, tukunya ɗaya, buta ɗaya.

"Allah ne masani, 'yata," na ce.

Ta dube ni ta daɗe, irin kallon da nake wa ƙasa.

"Na gode, Baba," ta ce. "Na ji amsar."